Namadi, Wanda Ya Raba wa Karnuka Kwano

Kafin 'yan kabu-kabu su fara jeruwa a bakin tashar Konni, Namadi Rabo ya riga ya dawo daga masallaci, ya turo tsohon babur ɗinsa ƙofar gida yana ɗaure masa kaya. A baya akwatin ƙanƙara ne mai ruwan allurai a ciki. A dama jakar fata ce, ta sirinji da awartaki da safar hannu. A hagu kuwa wani buhu ne da babu shi a cikin kayan da buro, wato ofishin kula da dabbobi, ya ba shi: igiya, da sandar gora mai zarge a kai, da tsummokaran ɗaure baki, da sabulu sanda biyu. Kayan dama na shanu ne da tumaki da raƙuma, waɗanda dominsu aka ɗauke shi aiki. Kayan hagu na karnuka ne, waɗanda babu wanda ya aike shi wurinsu.

Matarsa Kande takan miƙo masa kofin kunu tana ɗan ja da baya.

"In ka komo, rigar ga ta tsaya zaure. Ba ni son warin karnai cikin ɗakina."

"To, ranki shi daɗe."

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana kafa wannan doka yana amsawa, kuma ita ce dai ke zuwa zauren da ƙafarta ta ɗauki rigar ta wanke.

A watan nan Namadi ya aje aiki. Ɗan allurar dabbobi ne. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, iya inda ƙarfin mahaifinsa ya kai, sauran ilimin a turke ya same shi, da kara, wato kasuwar dabbobi, da bakin rijiya. Da za a tara shanun da ya yi wa rigakafi tsakanin Konni da Malbaza da Illela, da an rasa filin da zai ɗauke su. Amma ba don shanu nake wannan rubutu ba. Saniya ba ta rasa mai damuwa da ita. In ta yi tari sau ɗaya, mai ita ba ya iya haɗiye loma.

Wata tambaya ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mu ne ke ɗaure kare a garka ya tsare mana albasa. Mu ne ke sa shi gaban garke ya kori dila. Amma in muka tashi yi wa mutum zagi mai ciwo, sunan wannan mai gadin namu muke ara. In ya kwanta, sai mu ce ai kare ne, ya san ciyawar da zai ci. Shin wanda ka ɗora wa amana ba shi da haƙƙi a kanka, don kawai ba shi da bakin da zai tambaya? Na kai wa malamai tambayar, sun ba ni amsa mai kyau. Namadi bai taɓa ba ni amsa ba. Shi dai buhun hagu yake ɗaurawa kowace safiya.

Da ba'a aka fara kiran sa Likitan Karnai. Har yanzu akwai samari a tasha da kan yi masa haushi in ya gifta. Shi kuma sai ya rage gudu, ya dubi mai haushin da kyau, ya ce, "Taho da katinka gobe, allurarka ta yi." Tashar ta kece da dariya, mai haushi ya rasa inda zai sa kansa.

Mutanen Malbaza suna da nasu labarin. Ɗanjuma, mai gadin wani garejin manyan motocin siminti, yana da karnuka huɗu. Ɗaya ya kamu da ƙazwa, gashi ya zube, dare da rana susa. Direbobi suka ba shi shawara, ya shafe dabbar nan da baƙin man mota tun daga kunne har wutsiya. Namadi ya iske kare baƙi ƙirin yana makyarkyata, yana lasar guba da harshensa. Bai yi wa Ɗanjuma faɗa ba. Ya naɗe hannun riga ya wanke karen sau uku da sabulu, sannan ya ce a kawo sauran ukun, kuma a ƙona buhunan da suke kwanciya a kai.

"Likita, ukun ga lahiya lau suke."

"Wuri guda suke kwana?"

"Wuri guda."

"To su ma suna da ita. Ba su dai hwaɗa maka ba."

Wata bai cika ba gashi ya fito, Ɗanjuma ya riƙa tare direbobi yana nuna musu karen kamar wanda ya yi sabuwar riga.

Amma aikin da ya sa na ɗauki alƙalami a Badagishiri aka yi shi, bara, lokacin cirar albasa, kuma shaidunsa suna nan da ransu.

A kwarin garin akwai wata garka ta wa da ƙane, Abarshi da Lawali. Mahaifinsu da zai rasu, wasiyya ɗaya ya bar musu: kada ku raba kwano. Kowannensu ya haura hamsin, kowa da iyalinsa, amma har yau a ƙarƙashin dogon yaro ɗaya suke zama, hannuwansu a kwano ɗaya. Abarshi ba ya alfahari da komai kamar wannan. A gidan nan yara kwano ɗaya, mata kwano ɗaya. Da karnukan gidan suka zama biyu, babu wanda ya tsaya tunani, su ma aka aje musu tsohuwar roba ɗaya.

Babban karen sunansa Jandarma, saboda tun yana ƙarami babu mai wucewa ta garkar sai ya tsayar da shi ya shinshina kayansa, kamar jandarman da ke tare motoci a hanya. Zahara'u, matar Abarshi, ita ta raine shi da ragowar kunu tun idonsa bai gama buɗewa ba, yanzu ya kai shekara goma sha ɗaya. Ƙaramin kuwa ja ne, Lawali ya karɓo shi daga makiyaya, aka sa masa Barkono. Lokacin da Barkono yake ɗan kwikwiyo, Jandarma kan koma gefe ya bar shi ya ci. Da ya girma sai al'amari ya juya. Barkono yana da haƙora da gaggawa, Jandarma haƙora sun dushe. Kafin tsoho ya tauna loma biyu, yaro ya lashe robar. Jandarma ya fara ramewa, ya fara gurnani in an kusanci abinci. Mutanen gida suka ce tsufa ne, tsufa kuwa ba shi da magani.

Sai aka yi suna a sashen Lawali, aka yanka rago, aka juye ƙasusuwa a robar karnuka. Daga ranar Jandarma bai sake cin komai ba. Miyau ya riƙa dalala daga bakinsa. Yana kai ƙafa yana karce fuska. Ya shige ƙarƙashin rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya ƙi fitowa. Rana ta huɗu, wadda ta zo daidai da ranar kasuwa, Zahara'u ta dama masa kunu mai ruwa ta zuba a robar tana kiran sa. Ya fito yana tangaɗi. Kafin ya kai baki Barkono ya bangaje shi. Nan take suka sarƙe. Zahara'u ta sa hannu za ta raba, haƙorin Jandarma ya shige mata a damtse.

"Kare ya haukace!"

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ke bin wannan kira. Ba a shawara, ba a jira. Kuma kada wani ya ce mugunta ce. Akwai gidaje a kwarin nan da suka taɓa ɗaure ɗansu a ɗaki suna kallon sa yana mutuwa daga cizo ɗaya. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ba ya son a yi masa dogon bayani.

Namadi yana karar garin yana duba bakin wani bijimi, sai Hassana mai nono ta aje ƙwaryarta ta ce masa, "Likita, naka sun taɓa mutum garkar Abarshi. In ba ka hanzarta ba gawa za ka ishe."

Ya iske mutane sun kewaye rudun, masu sanduna da masu fartanya. Lawali ne a gaba da gora mai kan ƙarfe. Abarshi yana gefe, ya sa hannu a baya. Abin da ya hana a gama aikin tun ɗazu shi ne Zahara'u. Ta zo ta zauna daram a bakin rudun, hannunta naɗe da ɗankwali, ta ba karen baya ta fuskanci maza.

Namadi bai tambayi kare ba. Ya ce, "Ina wadda anka ciza?"

Ya durƙusa ya kwance ɗankwalin, ya ga an cusa toka a raunin. Ya ciro sabulu daga buhun hagu, ya ce a kawo ruwa, kada a daina kawowa. Buta na ƙarewa wata na zuwa. Ya wanke, ya sake wankewa, har kusan rubu'in awa.

"Likita, hwata za ka sale man?"

"Uwar gida, sabulu na, ba wuƙa ba. Yanzu ki tashi a kai ki asibiti. Yau za ki soma allura, ba gobe ba, kuma ba sai mun ji ta bakin kare ba."

"In na tashi nan, kamin in kai bakin hanya sun gama da shi."

Lawali ya matso. "Likita, ka yi naka, mun gode. Kauce. Wanga ba aikin allura ba na, aikin sanda na."

Namadi ya miƙe yana goge hannu. Lawali ya fi shi tsawo, sai da ya ɗaga kai.

"Lawali, in ka kashe shi yanzu, kun binne shi da amsar da muke nema. Matar yayanka ta yi wata shida, duk sadda kanta yay yi ciwo ta ce ga ta nan ta iso. Ku ba ni shi ɗaure kwana goma sha biyar. In hauka ta, ba shi kai ko goma. Shi da kainai zai hwaɗa muna gaskiya."

"In ya kuɓuce ya ciji ɗiyan wani hwa? Kai ka haihuwa ka biya?"

Na sha juya tambayar nan a raina, kuma har yau ban ga wauta a cikinta ba. Lawali tsoron rai yake, Namadi ma tsoron rai yake. Namadi ya san da hannunsa ya yi wa Jandarma rigakafin hauka wata takwas da suka wuce. Amma ya kuma san ƙanƙara tana narkewa a hanya, kuma mutum yana kuskure. Saboda haka bai rantse ba. Cewa ya yi, "Ba ni iya biya. Abin da ni ka iyawa, in ɗaure shi da hannuna ɗaurin da ba shi kwancewa. In na ga alama guda, ni zan kira ka da sandar."

Zahara'u ta dubi mijinta. "Malam, ka yi magana mana. Shekara goma sha ɗaya shina kwana bakin albasarka."

Abarshi ya dubi hannun matarsa, ya dubi gorar ƙanensa. Can ya ce, a hankali, "Lawali, aje."

Lawali ya aje. Amma kusa da ƙafarsa ya aje.

Da Abarshi ya tafi da Zahara'u asibiti, Namadi ya kwanta rubda ciki a ƙasa, nesa kaɗan da bakin rudun, yana kallo. Mutane suka zaci addu'a yake. Ya kira sunan karen. Wutsiya ta motsa sau ɗaya. Ya lura gefe ɗaya kawai karen ke karcewa. Iska ta juyo, ta kawo masa warin ruɓa. Sai ya tashi ya ɗauko sandar zarge, ya sa wa karen a wuya, ya soka masa allurar barci a cinya, ya koma ya zauna. Da jiki ya saki, ya jawo shi haske, ya sa safar hannu biyu a kan juna, ya tokare bakin da guntun itace.

Ga shi nan. Ƙashin rago ne, ya gitta a dasashin sama tsakanin turamen haƙora, ya zauna kamar sakatar ƙofa. Nama ya kumbura ya kusa rufe shi. Tsohon da ya saba tauna a hankali, ya ga in bai yi sauri ba ba zai samu ba, ya yi hanzarin da ba na shekarunsa ba. Kwana huɗu yana yawo da wannan a baki, ga yunwa, ga ciwo, ga yaro na bangazar sa.

Namadi ya sa awartaki ya murɗa. Ƙashi ya fito. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

Wani tsoho daga baya ya ce, "Allahu akbar! Ragon suna ya rama!"

Dariya ta ɓarke, irin dariyar mutanen da tsoro ya saki. Masu fartanya suka fara ɓoye su a baya. Wani ya ce shi dama tun farko ya ga idon karen bai yi kama da na mahaukaci ba, alhali shi ne ya zo da tabarya. Sai kuma murya ta juya: tunda ƙashi ne, a sake shi, bawan Allah ya sha wuya.

"Ba a sakin shi," in ji Namadi. "Ƙashi ya hwaɗa muna abin da ya hana shi ci. Bai rantse muna babu wani abu bayan shi ba. Kwana goma sha biyar na nan. Barkono ma a ɗaure shi, wuri daban. Uwar gida kuma ta ci gaba da allurarta."

Mutanen da ɗazu suke ganin ya cika tausayi, yanzu suka tafi suna cewa ya cika taurin kai. Namadi bai motsa daga inda yake tsaye ba. Su ne suka zagaye shi.

Da azahar Abarshi ya dawo da Zahara'u, ya ce ba za a bar baƙo ya tafi da yunwa ba. Kafin su zauna Namadi ya ce a nuna masa inda karnukan ke ci. Aka nuna masa robar.

"Ina ta biyu?"

"Wace ta biyu?"

"Malam Abarshi, ga wadda tac ciji matarka nan. Daga yau kowane kare da kwanonai."

Fuskar Abarshi ta canza. Mutumin da bai ɗaga murya ba sa'ad da ake shirin kashe masa kare, yanzu ya ɗaga.

"Likita, ka yi muna alheri, kak ka ɓata. Gidan ga ba a raba kwano. Yau karnai, gobe yara su gani, jibi ni da Lawali. Haka gidaje ka watsewa, daga ƙaramin abu."

Namadi bai ja ba. Ya wanke hannu ya zauna. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, da tsoka ɗaya a tsakiya. Suka sa hannu su uku. Namadi yana ci yana kallo. Lawali ya sa yatsa ya tura tsokar gaban yayansa. Abarshi ya tura ta gaban baƙo. Baƙo ya maida ta tsakiya. Tuwo bai kai rabi ba Lawali ya tsame hannu.

"Lawali, ka ƙoshi?"

"Alhamdu lillahi."

"Ban tambaye ka godiya ba. Ka ƙoshi?"

Lawali ya sosa ƙeya. "Ana dai lallaɓawa."

"Mi ya hana ka ɗauki naman? Gabanka yas soma hwaɗuwa."

"Haba Likita! Yaya na zaune?"

Namadi ya juya wajen Abarshi. "To ka ji. Kwanonku ba tuwo kaɗai ba na ciki. Akwai kunya. Ita ta riƙe ku shekara hamsin, ba kwanon ba. Ƙanenka shina tashi da sauran yunwa don kai ka ci a natse. Yanzu hwaɗa man, wa zai koya ma Barkono wagga kunya? Ka haɗa mai haƙora da marar haƙora, ka ce ka yi adalci?"

Abarshi ya zuba wa tsokar ido. Ina jin a ranar ya fara sanin cewa wasiyyar da yake taƙama da ita, Lawali ne ke ɗauke da nauyinta. Ya ce, kamar mai magana da kansa, "Baba dai cewa yay yi kak ku raba."

Daga bayan zana muryar Zahara'u ta fito: "Malam, Baba ko da rainai ban taɓa ganin ya ci kwano guda da Jandarma ba."

Lawali ne ya fara ƙyalƙyalewa, har ya ƙware. Abarshi ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ta ƙi ɗauruwa. Ya ɗauki tsokar ya raba biyu, ya aje babban rabin gaban ƙanensa. "Ci, kamin Likita shi raba mu."

Sauran bayani kaɗan ne, kuma Namadi ya maimaita shi har sai da kowa ya riƙe. Kwanon Jandarma a bayan rudu, na Barkono a bakin rijiya, yadda ɗaya ba zai hango ɗaya ba. A fara ba tsoho, a jiƙa masa nasa ya yi laushi, kada a saki yaro sai tsoho ya gama. Dafaffen ƙashi mai tsagewa a binne shi. In kuma suka sake sarƙewa, guga ɗaya na ruwa ya fi hannu goma.

Daga Konni zuwa Badagishiri ba nan kusa ba ne, amma rana ta bakwai sai ga babur ɗin Namadi. Ya duba bakin, kumburi ya saɓe. Ya duba hannun Zahara'u, ya tambayi allurarta, ta nuna masa kati. Ya ga kuma an yi wa Jandarma 'yar rumfa a inda yake ɗaure, don rana. Ya dubi ginshiƙin rumfar da kyau. Gora ce mai kan ƙarfe.

"Ba ni da wani icce kusa," in ji Lawali, yana kallon wani wuri.

Rana ta goma sha biyar, da hantsi, tun Namadi bai kashe babur ba ya ji haushi. Jandarma ne tsaye, ƙirji a buɗe, haƙarƙari ya rufe, yana neman a tsaya a ba shi kaya ya bincika. Namadi ya miƙa masa buhun hagu. Ya shinshina, ya yi atishawa, ya kaɗa wutsiya.

"Uwar gida," in ji Namadi, "ki kwana da ido biyu rufe. Karenki lahiya lau, ke ma haka."

Zahara'u ta koma gefe. Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gefen mayafi.

Saura abu ɗaya. Aka ba kowane kare abincinsa a wurinsa. Sannan Abarshi ya riƙe igiyar Jandarma, Lawali ya riƙe ta Barkono, suka zaga garkar sau biyu, da farko nesa da juna, a hankali suna matsowa. A gindin dogon yaro Namadi ya ce a kwance. Lawali ya ɗauki guga cike da ruwa ya riƙe. Karnukan suka tsaya ƙiƙam, gashin wuya a tashe. Barkono ya zagaya. Jandarma bai motsa ba. Sai Barkono ya sunkuyar da kai ya lashi gefen bakin tsohon, daidai inda ƙashin ya zauna. Jandarma ya yi hamma, ya juya sau biyu ya kwanta. Barkono ya kwanta ya jingina baya da bayansa.

Guɗar Zahara'u har masu ban-ruwa a garkar maƙwabta sai da suka ɗago kai. Lawali ya rasa yadda zai yi da gugan, sai ya juye wa albasa.

Namadi, kai ne ka tsaya tsakanin sanda da marar baki, ba tare da ka raina tsoron mai sandar ba. Kai ne ka fara da hannun mutum kafin bakin kare, kuma ba ka bar ɗaya don ɗaya ba. Da aka ce kashe ka ce jira, da aka ce saki ka ce jira, ka yarda a ga baƙinka sau biyu a wuni ɗaya. Mai sabulu sanda biyu, gwanin da ba ya rantsuwa! Ni da nake ta juya tambayoyi, a wurinka na ga cewa raba daidai da yin adalci ba kullum suke kwana ɗaki ɗaya ba.

Ranar da aka yi masa taron ban-kwana a buro, manya sun yi jawabi mai daɗi, duk a kan shanu. Babu wanda ya ambaci kare. Ana cikin shan lemo sai ga wani dogon mutum a bakin ƙofa da buhun albasa a kafaɗa, ya yi tafiya tun safe. Ya dire buhun gaban Namadi.

"Yaya na gaisuwa, uwar gida na gaisuwa. Jandarma kuma yac ce a hwaɗa maka, buron ga ka aje, shi bai sallame ka ba."

Washegari Kande ta fito da kofin kunu, ta iske shi a ƙofar gida yana ɗaure kaya. Akwatin buro babu, jakar dama ma babu. Buhun hagu yana nan inda yake.

"Ba ka ce ka aje aiki ba?"

"Wanda anka ba ni na aje."

Ta miƙa masa kofin. "To, rigar dai ta tsaya zaure."

Mun gode, Namadi. Allah ya ƙara lafiya, ya sa abin da ka yi wa waɗanda ba su iya godiya ya tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. Mu kuma da muke da karnuka a garka da garke da ƙofar gida, mu yi musu rigakafi, mu wanke cizo da sabulu mu nufi asibiti, kuma kafin mu ce wane ya lalace da tsufa, mu tsaya sau ɗaya mu ga wa ke rigan sa kai baki.

Wanda kuma yake son ganin takardar yabon Namadi, ba a bango take ba. Ya bi ta kwarin Badagishiri, ya nufi garkar Abarshi. Tun bai kai rijiya ba wani tsoho zai tare shi, ya ce a sauke kaya.